Ciwon Da Ke Farawa Daga Tafin Ƙafa: Amosanin Gaɓɓai A Ƙasar Shagari Da Boɗinga

Da asubahin hunturu, sa'ad da iska ta kwana tana kaɗa darni a Mandera da sauran garuruwan da ke tsakanin Shagari da Boɗinga, ladan yakan yi kiran farko ya tarar waɗansu mata idonsu biyu tun tuni, suna zaune a bakin gado suna murza ƙafafunsu, domin sun sani in ba su soma lallashin ƙafafun nan tun da duhu ba, gari zai waye ba su kai bakin randa ba, balle su ɗaura alwala.

Irin wannan mace takan sauko da ƙafa ɗaya sannu a hankali, ta dafa ƙasa da dunduniya, ta ɗage yatsu sama, saboda gindin yatsun ya kumbura ya yi ɗumi, in ta taka shi sai ta ji kamar tsakuwa aka shimfiɗa mata a tsakar ɗaki. Daga nan ta kama bango, ta ja jiki, idon sawu ya ƙi lanƙwasuwa, har sai hantsi ya dubi ludayi sa'an nan gaɓoɓin su ɗan saki, ta iya ɗaukar taɓarya.

In an tambayi mutanen gidan abin da ke damunta, amsa ɗaya ce: sanyi ne. Da wannan amsa ake shekara, da ita ake shekara biyar, har ranar da za a lura yatsun ƙafarta sun hau juna, takalmi ba ya shiga, ta kuwa daina zuwa suna da biki da gaisuwar mutuwa, alhali shekarunta ba su wuce 40 ba.

Cututtuka da yawa a ƙarƙashin suna ɗaya

Abin da jama'a ke tarawa su kira sanyin ƙashi cututtuka ne dabam-dabam, kowace da sababinta da maganinta. Akwai ciwon gwiwa da ƙugu na tsufa, wanda ke zuwa idan guringuntsi ya sinɗe saboda shekaru da ɗaukar kaya, shi kuwa aiki ke tayar da shi, hutu ya kwantar da shi. Akwai wanda malaman ɗibbu na da suka sani da niƙris, mai faɗa wa babban yatsan ƙafa da tsakar dare, galibi ga maza. Akwai ciwon ƙashi na masu amosanin jini, wato sikila, wanda ake haihuwar yaro da shi.

Wanda muke magana a kansa dabam yake da waɗannan duka, shi ne amosanin gaɓɓai irin wanda likitoci ke kira rumatoyid. Alamarsa ita ce yana kama ƙananan gaɓoɓi na yatsun hannu da na ƙafa da wuyan hannu, yana kama dama da hagu tare, yana sa su kumbura, ya kuma sandarar da su da safe har kusan sa'a guda ko fiye. Hutu ƙara masa ƙarfi yake yi, motsi ne ke sassauta shi. Sau da yawa yana tafe da kasala da rama da ɗan zazzaɓi da ƙarancin jini, in kuma ya daɗe yakan taɓa huhu da idanu da jijiyoyin zuciya.

Asalinsa daga garkuwar jiki yake, wadda Allah Ya halitta don ta yaƙi ƙwayoyin cuta. Kowace gaɓa tana da wata siririyar fata a ciki mai fitar da ruwa mai santsi, don ƙashi ya motsa a kan ɗan'uwansa ba tare da gogayya ba. A jikin mai wannan cuta, garkuwar ce ke rikicewa ta auka wa fatar nan, sai ta kumbura ta yi kauri, ta shiga cin guringuntsi da gefen ƙashi da jijiyoyin da ke ɗaure da gaɓar. Aikinta aikin gara ne a cikin azara: daga waje rufin ɗaki yana nan kamar lafiya, ciki kuwa an riga an cinye.

Masana sun tabbatar akwai gado a ciki, ko da yake ba kowane ɗan mai cutar ke samunta ba. Sun tabbatar shan taba yana ƙara haɗarinta, yana kuma tsananta ta, haka nan ƙiba da shaƙar ƙurar dutse, kuma suna ganin ciwon dasashi da ya daɗe yana da hannu. Sanyin iska da na ruwa ba su haddasa ta, illa dai mai ita ya fi jin jiki a hunturu da damina. Ba a ɗaukarta ta cin abinci tare, ko ta auratayya, ko ta tsallake sawun wani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2019 mutum kamar miliyan 18 ke fama da ita a duniya, kuma cikin kowane 10 wajen 7 mata ne.

Daga Razi zuwa Ibadan

Ciwon gaɓoɓi tsohon babi ne a littattafan ɗibbu. Abubakar Razi, wanda ya rasu wajen shekarar 925, ya keɓe wa niƙris maƙala guda, Ibnu Sina kuma ya yi bayanin ciwon gaɓoɓi a cikin littafinsa Ƙanun. Amma rarrabe wannan nau'i daga sauran bai samu ba sai a shekarar 1800, da wani matashin likita a birnin Faris, Landré-Beauvais, ya siffanta shi a jikin waɗansu mata matalauta da ke kwance a asibiti, ya lura cewa ciwon nasu bai yi kama da niƙris na mawadata ba. A 1859 wani likitan Landan, Alfred Garrod, ya sa masa sunan da likitoci ke kiransa da shi har yau.

A Nijeriya an daɗe ana ɗauka cutar Turawa ce. Dokta Brian Greenwood, wanda ya yi aiki a asibitin jami'a na Ibadan a shekarun 1960 kafin ya komo Zariya, ya rubuta cewa ba a cika ganinta ba, in an gan ta ma takan zo da sauƙi. A 1993 aka buga wani bincike da aka yi a karkarar ƙasar Yarbawa, inda aka duba mutum kusan 2,000 ba a sami mai ita ba. Sai ga shi a 2010 Farfesa Olufemi Adelowo da abokan aikinsa sun fitar da bayanin majinyata 200 daga asibiti guda a Legas, da yawansu cutar ta riga ta yi nisa kafin su iso.

Abin da nake fahimta daga wannan shi ne, ko da an sallama cewa cutar ta fi ƙaranci a karkara, inda duk aka sami likitan da ya san ta, aka buɗe ƙofa, majinyata sukan fito. Likitocin da suka ƙware a wannan fanni a Nijeriya duka ba su wuce 'yan gommai ba, ga al'umma fiye da miliyan 200, mafi yawansu kuwa suna manyan birane. Matar da ke zaune a Mandera ko Kajiji ko Dandin Mahe, wadda ƙafarta ta hana ta isa bakin titi, babu littafin ƙidaya da sunanta zai shiga.

Yadda take cin ƙafa

Ƙafa ɗaya, daga idon sawu zuwa kan yatsu, tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi fiye da 30, har ma ƙafafun biyu sun tattara kusan rubu'in ƙasusuwan jikin ɗan Adam. Saboda haka cutar da abincinta ƙananan gaɓoɓi ne ba ta rasa abin ci a nan. Likitocin ƙashi sun ce cikin masu wannan ciwo 10, kamar 9 za su ji shi a ƙafa ko idon sawu ko ba daɗe ko ba jima, kuma kamar 1 cikin 5 daga ƙafar ma yake fara musu, tun hannu bai nuna kome ba.

Galibi gindin yatsu yake fara kamawa, wato wurin nan da nauyin mutum ke sauka a ƙarshen kowane taku. Sau da yawa hoton ƙashi yakan nuna zaizaya a gindin ƙaramin yatsa kafin a ga irinta a hannu. Idan kumburi ya daɗe, jijiyoyin da ke riƙe da yatsun sukan saki, babban yatsa ya karkace ya nufi 'yan'uwansa, gindinsa ya turo waje, sauran yatsun su tanƙware su ɗage sama, su daina taɓa ƙasa.

A ƙarƙashin gindin yatsu akwai wani kitse mai taushi wanda ke tare ƙashi daga ƙasa. Da yatsun sun goce sai su ja kitsen nan gaba, kan ƙashi ya zauna a bisa fata kai tsaye, daga nan ne tsakuwar da majinyata ke faɗa take fitowa. Fatar wurin takan yi kanta, kantar ta tsage, in ba a kula ba ta zama gyambo.

Sa'an nan sai bayan ƙafa. A ƙarƙashin idon sawu akwai gaɓoɓin da ke ba ƙafa damar karkata dama da hagu, su ne ke sa mutum ya iya tafiya a kan kunya ko cikin rairayi ko a gangaren fadama ba tare da ya faɗi ba. In cutar ta kama su, tafiya a daɓe tana yiwuwa da ƙyar, amma gona ta gagara. Akwai kuma wata jijiya da ke bi ta bayan idon sawu daga ciki, ita ke ɗage tsakiyar tafin ƙafa. In ta kumbura ta yi rauni sai tafin ya baje, dunduniya ta kauce waje, mutum ya koma taka gefen ƙafarsa na ciki. Shi kansa idon sawun yakan kamu daga baya, alamarsa wahalar hawa tudu da sauka. Waɗansu kuma sukan sami ƙululu a agara ko a tafin ƙafa, waɗansu su riƙa jin ƙuna da mintsini saboda kumburi ya danne jijiyar ji.

Abin baƙin ciki, wannan gaɓa da cutar ta fi ɓarna a cikinta ita ce aka fi ƙin dubawa. Mace takan miƙa hannu a duba, amma ta ji nauyin tuɓe takalmi da safa a gaban namiji, ko ta ji kunyar kaushi da faso. Ma'aikacin lafiya kuma, ga layi ya yi tsawo, ba ya sunkuyawa. Har ma'aunin da likitocin duniya suka fi amfani da shi wajen auna tsananin cutar, mai ƙirga gaɓoɓi 28, bai sa ƙafa da idon sawu a lissafi ba.

Jego, da aikin da ba ya jira

A garuruwan nan ƙafa jari ce. Da ita namiji ke zuwa gonar gero da dawa da damina, da ita yake bin albasa da shinkafa a fadama da rani, da ita yake kora dabba zuwa kasuwa. Mace kuwa, ko tana cikin kulle, yininta a tsaye yake ko a tsugune: daka, surfe, shara, wanki, ɗora tukunya, goyo. Mai aikin ofis a Sakkwato in ƙafa ta yi ciwo zai zauna a kujera albashi ya zo. A Mandera in ƙafa ta tsaya, abinci ne ya ragu a gidan.

Akwai wani al'amari game da mata da ya kamata ungozomomi da iyaye su sani. Wannan cuta takan lafa wa mata da yawa lokacin da suke da ciki, sa'an nan ta dawo da ƙarfi a watannin farko bayan haihuwa, waɗansu ma a lokacin take fara bayyana. To, da yake al'adarmu ta riƙe cewa sanyi yana shiga jikin maijego in ba ta yi wankan jego yadda ya kamata ba, sai laifi ya koma kan yarinyar: ta yi wasa da wanka, ta ƙi kunun kanwa, ta sha ruwan randa. A ƙara wuta, a ƙara kwanaki, ciwo kuwa yana nan yana aikinsa. Ruwan ɗumi yana sassauta sandarewar gaɓa, wannan gaskiya ne, amma ba ya tsayar da cin da ake yi wa ƙashi, kuma babu laifin kowa a cikin zuwan cutar.

Daga nan sai zaman gida ya ɗauki wani hali. Da yake ciwon yana tashi yana kwantawa, yau a ga mace tana daka, gobe ta kasa tashi, sai a fara raɗe-raɗin son jiki ne, ko ƙyuya. Wata a yi mata kishiya a mance da ita a ɗaki, wata a mayar da ita gidan iyayenta da sunan jinya, jinyar da ba ta da ranar ƙarewa. Idan yatsu suka karkace kuma, akwai masu tsarguwa su ce kuturta ce, su ware mata ƙwarya. Bambancin a fili yake: kuturta kashe ji take yi har mutum ya taka wuta bai sani ba, wannan kuwa zafi ne ya yi yawa. Ita kuturtar ma yau tana warkewa da magani, ba ta cancanci ƙyamar da ake yi mata ba.

Mas'alar salla

Babu abin da ya fi ɓata wa masu wannan ciwo rai kamar salla. Mai sujada yana kafa cikin yatsun ƙafarsa a ƙasa, mai zaman tahiya kuma, bisa mazhabar Malikiyya da muke bi, yana kafa ƙafar dama ya tanƙwara yatsunta, wato daidai gaɓoɓin nan da suka fi kumbura su ake ɗora wa nauyi sau da yawa a kowace rana. Akwai tsofaffi masu cije leɓe suna yin haka hawaye na zuba, don gudun kada sallarsu ta tawaya. Akwai kuma waɗanda suke jinkirta Asuba har rana ta fito, zuciyarsu cike da jin sun yi zunubi.

Alhali shari'a ta riga ta yi rangwame, kuma rangwamen yana cikin littattafan da ake karantawa a kowane zaure daga Sifawa har Shagari. Ɗalibin da ya sauke Ahalari ya san matakan: wanda ya kasa tsayuwa da kansa ya jingina, wanda ya kasa ya zauna, wanda ya kasa zama ya kishingiɗa, wanda sujada ta gagare shi ya yi nuni. Siffar kafa ƙafa a zama ba ta cikin farillai, barinta saboda lalura ba ya ɓata salla. Ɗuma ruwan alwala halal ne, shafa a kan tsumman da aka ɗaure rauni da shi ya halatta, taimama kuma tana nan ga wanda ruwa zai ƙara wa cuta.

Matsalar ita ce wannan ilmi yana zaure, mai bukatarsa tana cikin gida. Wajibi ne a kan malamai mata na makarantun Islamiyya su isar da shi, kamar yadda mata almajiran Nana Asma'u suka riƙa shiga ƙauyuka suna karantar da mata a gidajensu.

Wanzami, boka da mai kemis

Kafin majinyaci ya ga likita, yakan bi ta hannu uku ko huɗu. Wanzami zai yi ƙaho a idon sawu, ko tsaga, ya ce mataccen jini ne ya taru. Mai ɗori zai ce targaɗe ne, ya murza ya ɗaure. In abin ya ƙi, sai a ce jifa ne ko an taka wani abu da aka binne, a nufi boka, a sayar da akuya.

Masu waɗannan sana'o'i suna da hujjarsu, kuma ba daidai ba ne a raina ta. Sukan ce su ne ke kusa, su ne ke karɓar abin da ya sawwaƙa, su ne ke zama su saurari mutum, kuma mutane suna samun sauƙi a hannunsu. Mai ɗori na ƙwarai ya san karaya sanin gaske. Sai dai wannan ciwo ɗabi'arsa ce ya tashi ya lafa don kansa, saboda haka duk abin da aka yi ana gab da lafawarsa shi za a ba lada. Tsaga a ƙafar da fatarta ta yi rauni kuwa ƙofar gyambo ce, musamman ga mai ciwon sukari.

Amma a ganina haɗarin da ya fi girma yana wajen masu tallar magani a ranar kasuwa da waɗansu masu kemis, waɗanda ke ƙulla ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda su ce na sanyin ƙashi ne. A cikin ƙullin galibi akwai mai kashe zafi irin su dikilofenak ko ibufurofen, wani lokaci biyu a haɗe, da kuma deksametazon ko firednisolon. Waɗannan na ƙarshe suna kwantar da kumburi kamar a mafarki, mutum ya sha da dare ya tashi da safe yana tafiya. Haka duniya ta yi mamaki bayan da Dokta Philip Hench ya fara ba wata majinyaciya irin wannan magani, wato kotizon, a Amurka a 1948 ta miƙe, har aka ba shi kyautar Nobel a 1950. Ba a jima ba likitoci suka ga abin da ke biyo baya.

Wanda ya shekara yana shansu ba bisa ƙa'ida ba, fuskarsa takan kumbura a ce ya yi ƙiba, fata ta yi laushi, ƙashi ya yi rauni, hawan jini da ciwon sukari su shigo, rauni ya ƙi warkewa. In ya yanke su dare ɗaya kuma jiki na iya faɗuwa, don haka janye su ma sai da likita. Masu kashe zafin kuwa, in aka dawwama a kansu, suna huda ciki suna lalata ƙoda. Mai kemis zai ce shi taimako yake yi, mutum ya zo yana kuka, asibiti da nisa. Niyyar tana iya zama kyakkyawa, amma wanda bai san illar abin da yake bayarwa ba ya ɗauki amanar da ba zai iya saukewa ba.

Neman magani da ilmi ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. A Sifawa Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato wajen 1815, Malam Abdullahi ƙanensa ya zauna a Boɗinga, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa ya wallafa littattafai a kan ɗibbu, har da na basur da na ciwon ido. Mutanen da suka gaji wannan bai kamata a bar su da ƙullin leda ba.

Abin da ke hannun likitoci

Likitoci ba su da'awar suna tumɓuke cutar daga jiki, amma yau suna iya kwantar da ita har mutum ya koma aikinsa, gaɓoɓinsa su tsira. Sharaɗin shi ne lokaci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: watanni 3 zuwa 6 na farko su ne suka fi albarka, domin zaizayar ƙashi takan soma cikin shekara biyu na farko, abin da ya zaizaye kuwa ba ya komowa.

Gwajin farko ba ya bukatar na'ura. A kama ƙafa a gindin yatsu a matsa a hankali daga gefe da gefe. In mutum ya zabura, ga kumburi a dama da hagu, ga sandarewar safe, abin kuma ya kai mako 6, to ya isa dalilin tura shi gaba. A babban asibiti za a auna jini a nemi alamomin cutar da na kumburi, a ɗauki hoton hannu da ƙafa. Waɗansu masu cutar jininsu ba ya nuna alamar, don haka idon likita da hannunsa su ne hukunci.

Jigon magani wata ƙwaya ce da ake kira metotireksat, wadda ta zama ruwan dare a wannan fanni tun shekarun 1980. Sau ɗaya ake shanta a mako. Wannan magana tana bukatar nanatawa, domin wanda ya sha ta kullum bisa kuskure tana iya halaka shi. Ana haɗa ta da folik asid, ana duba hanta da jini kafin a fara da kuma lokaci-lokaci, kuma takan ɗauki makonni kafin a ga aikinta, abin da ke sa marasa haƙuri su watsar su koma wa ƙullin kasuwa. Haramun ce a likitance ga mai ciki da mai neman ciki da mai shayarwa. A ƙasar da mace ke haihuwa a kai a kai wannan babban al'amari ne, amma akwai madadi: salfasalazin, da wani ɗan'uwan kulorokwin da muka sani na zazzaɓin cizon sauro, waɗanda likita ke iya bayarwa ko da ciki. Tun daga 1998 an sami waɗansu allurai masu ƙarfi ƙwarai, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba.

Inda ƙafa ta riga ta lalace, likitocin ƙashi suna iya miƙe yatsu, ko su haɗe gaɓar da ta cinye ta zama ƙashi ɗaya, motsi ya tafi amma zafi ya tafi tare da shi. Irin wannan aiki sai manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko asibitin ƙashi na Wamakko, ko na Dala a Kano. Masu gashin ƙashi kuma suna koya wa majinyaci motsa yatsu da idon sawu don kada su daskare.

Takalmi

Akwai abu ɗaya mai sauƙi da ake mantawa. Silifa, wadda ita ce takalmin kowa, tana tilasta wa yatsu su damƙe ta a kowane taku, ga ta da siririn ƙasa. Takalmin roba mai tsukakken baki kuma yana goge yatsun da suka tanƙware har su yi rauni. Tafiya ba takalmi a busasshiyar ƙasa ta fi duka muni. Abin da ƙafar nan ke so shi ne takalmi mai faɗin gaba, mai zurfi, mai taushin shimfiɗa daga ciki, mai ƙarfin ƙasa, da maɗauri a dunduniya.

A Turai akwai masu sana'ar yin irinsa bisa awon ƙafar majinyaci. Mu kuwa muna zaune a ƙasar jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna har bayan hamada tun ƙarnuka da suka wuce, ga dukawa a kowace babbar kasuwa. Da ma'aikatan gashin ƙashi za su zauna da dukawa su nuna musu inda za a faɗaɗa, da inda za a rarake shimfiɗa don kan ƙashi ya sami wurin zama, da an rage wahala mai yawa da kuɗi kaɗan, baduku kuma ya sami ciniki.

Wa zai ɗauki nauyi?

Daga Shagari zuwa Sakkwato, ta Boɗinga, ba wata doguwar tafiya ba ce a mota, amma ga wanda zai fito daga ƙauye a bayan babur da kumburarren idon sawu, ya biya kuɗin mota na mutum biyu, da na gwaji, da na magani, sa'an nan ya maimaita haka bayan kowane 'yan watanni har iyakar rayuwarsa, tafiyar tana da nisa. Magidanta da yawa ba rashin tausayi ke hana su ba, lissafin buhun gero ne. Duk da haka, in aka tara abin da ake kashewa a wajen boka da ƙullin kasuwa cikin shekara, sau da yawa ya isa kuɗin ƙwayar mako-mako, wadda ba ta cikin magunguna masu tsananin tsada.

Hukumomin lafiya hankalinsu yana kan zazzaɓin cizon sauro da mutuwar mata wajen haihuwa da tamowa, kuma babu mai zarginsu, domin waɗannan kisa suke yi nan take. Sai dai abin da ake nema a nan bai kai gina sabon asibiti ba. A koya wa ma'aikatan ƙananan asibitocin mazaɓu su ce wa mai ciwon gaɓoɓi ya tuɓe takalmi, a sa mace ta duba mace, a rubuta takardar turawa gaba tun da wuri. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha ta sa magungunan nan da gwajin jininsu cikin abin da take biya. Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato, wadda ta saba taimakon marasa lafiya, ta tuna da waɗanda ciwonsu ba ya kwantar da su a gadon asibiti amma ya zaunar da su a ɗaki. Limamai kuma su ba mas'alar sallar majinyaci huɗuba guda.

Kai kuma maigida, ko wa, ko ɗa, in ka ga matarka ko ƙanwarka ko mahaifiyarka tana dafa bango da safe, gindin yatsunta ko idon sawunta a kumbure dama da hagu, har abin ya kai mako 6, kada ka jira hunturu ya wuce. Ka kai ta asibiti, ka tafi da duk ƙwayoyin da take sha a nuna, ka kuma roƙi likita ya duba ƙafar.